Sambo Mai Allura da Motar Fatu

A bayan tashar Talata Mafara, inda layin makanikai ya ƙare aka shiga na masu walda, akwai wani dogonyaro da benci ɗaya a gindinsa. Nan ne garejin Malam Sambo. Babu allo, babu rumfa, babu yaran gareji. An sha kawo masa yara su koyi aiki, amma babu wanda ya wuce wata biyu, domin yaro ya zo ne ya kwance ƙarfe, shi kuwa Malam Sambo yakan shafe rabin yini yana kallon mota bai taɓa ta ba.

Sana'arsa wayarin mota. A cikin wayarin ma ya ware wa kansa ɗan yanki: alluran nan da ke gaban direba, ta mai, ta zafin inji, ta caji. Shi ya sa ake ce masa Mai Allura. Mutumin garin Kaya ne, ɗan makiyayi. Yana saurayi aka fara gina madatsar Bakolori, ya ajiye sanda ya shiga leburanci, aka sa shi sharar rumfar da ake gyaran manyan motoci. Wai a nan ya ga wani ma'aikaci ya taɓa bakin waya a jikin ƙarfe, wata allura da ke kwance ta miƙe tsaye. Tun ranar bai sake bin saniya ba. Bai yi boko ba. Haruffa huɗu ya sani, E da F da C da H na jikin gilashin allurai, ya ce a shekara arba'in da 'yan kai bai taɓa bukatar na biyar ba. Kayan aikinsa kuwa ba su cika aljihun riga ba: filaya, sukudireba, reza, da wani ƙwan fitilar mota da ya ɗaura wa waya biyu.

Manu direba ya san duk wannan, kamar yadda kowane direban garin ya sani. Yana ma cikin masu dariyar nawar tsohon a teburin mai shayi, har zuwa bazarar da aka sa masa suna Manu Tiyo.

Shekara goma sha huɗu Manu yana jan akori-kurar Alhaji Uba, dillalin fatu da ƙiraga. Motar ta girmi 'ya'yan Manu duka, ta kusa girmar matarsa Suwaiba. Kowace Litinin yakan zaga Bakura, ya bi ta Maradun da Faru, ya kwaso fatun da mahauta suka zuba wa gishiri, ya sauke su a shagon Alhaji kafin la'asar, don kasuwar Talata. Sauran kwanaki kuwa ɗan jigilar cikin gari ne. Motar a ƙofar gidan Manu take kwana, saboda lungun Alhaji ba ya shigar mota.

Alhaji Uba mutum ne mai yarda da jama'a, sai dai yana son ya tabbatar. Ya manna salatif a gilashin allurar mai. Kowace yamma yakan murɗa makulli ya duba inda allura ta tsaya, ya ja zane da farce. Da safe ya sake dubawa. Shekara goma sha huɗu zanen yamma da allurar safe ba su taɓa saɓawa ba, kuma Alhaji yakan faɗi haka a bainar jama'a, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Sai wata Talata da safe aka ga allura ta sauka daga zanen jiya da kusan rabin tanki. Talata ta biyu haka. Ta uku haka. Sauran ranakun mako lafiya lau. Man Alhaji ba ya ɓacewa sai a daren kasuwa, daren da 'yan bumburutu ke cika jarkokinsu saboda baƙi.

Alhaji bai yi gaggawa ba, a faɗi gaskiya. Ya sa an canza allurar. Ya sa an sauke tanki an canza ƙwallon da ke yawo a kan mai, wanda ke gaya wa allura inda za ta tsaya. Surukinsa Kamaluddeen ya zo daga Gusau da na'urar binciken mota mai allo, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya fi rabin awa yana neman inda zai jona ta, kafin ya gano an ƙera motar ne tun ba a haifi na'urar ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce a iliminsa motar ba ta da matsala, kuma idan mota ba ta da matsala to a duba mutum.

Maganar ta fita. Manu ya zo shan shayi, wani ya tambaye shi ko zai ara masa tiyon zuƙe mai. Aka yi dariya, shi ma ya yi, don rashin yin ta ya fi muni. Suwaiba ta daina zuwa suna da biki. Ran Laraba Alhaji ya kira shi cikin shago, ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo fiye da kullum, sannan ya ce:

"Manu, ni ban ce ka yi ba. Amma Talata mai zuwa in allura ta sake saɓa zane, ka aje makulli nan bisa tebur. Mu rabu lahiya."

Manu ya rantse. Alhaji ya ce ai bai nemi rantsuwa ba, allura yake nema.

Ran Alhamis Manu ya tsayar da motar a gindin dogonyaro. Ya durƙusa ya gaida Malam Sambo, suka bi gida da iyali da gajiya da zafi, sannan ya zayyana masa komai, har da tiyo. Tsohon ya saurara yana ɓare gyaɗa. Da Manu ya gama, sai ya ce:

"Ka sata?"

"Wallahi, Baba, ban sata ba."

"To. Na tambaya ne don kada in wahal da mota banza."

Bai tashi ba tukuna. Ya tambayi inda motar ke kwana, da wanda ke wanke ta, da abin da take ɗauka ran Lahadi, ran Litinin, ran Laraba. Ya tambayi ko ana fakin ɗinta a gangare. Ya tambayi ko akwai lema a ƙasa da safe, ko warin mai. Manu yana amsawa yana duban rana, yana cewa a ransa lalle yaran nan da suka gudu suna da hujja.

Can tsohon ya miƙe. Ya ce Manu ya murɗa makulli ya zuba wa allura ido. Ya kwanta a ƙasan motar, ya zura hannu tsakanin tanki da bodi, ya zare waya guda. Allura ta faɗi can ƙasa.

"Ta kwanta, Baba!"

Ya taɓa bakin wayar a jikin ƙarfe ta cikin ƙwan nan nasa. Allura ta taso a hankali kamar wanda aka tasa daga barci, ta nufi sama.

"Ta tashi!"

Malam Sambo ya mayar da wayar, ya fito yana kaɗe riga. "Allurag ga lahiya take. Waccan da sunka cire ma lahiya take. An kori mai gaskiya an kawo mai gaskiya."

Manu ya ce, "To, Baba, ke nan ni ne?"

"Na ce maka kai ne? Motar ba ta ciwo yau. Wa ke duba marar lahiya ranar da ya warke? Litinin ka biyo ka ɗauke ni."

Ran Litinin da hantsi tsohon ya shiga gaba ya zauna, ƙwansa a aljihu, butarsa tsakanin ƙafafu. Daga Mafara zuwa Bakura bai ce uffan ba. Bai kalli gonaki ba, bai kalli masu babura da ke ɗaga wa Manu hannu ba. Allura kawai yake kallo, kallon da Manu bai taɓa ganin an yi wa wani abu marar rai ba. Irin kallon da makiyayi ke yi wa saniyar da ta rage cin ciyawa ne. Allura kuwa tana sauka sannu a hankali, yadda ya kamata.

A Bakura aka loda fatun awaki kaɗan. A Maradun aka jibga ƙiraga sababbi, masu nauyi, gishiri na narkewa a jikinsu saboda zafi. A Faru aka ƙara. Suka juyo gida.

Ba su yi nisa ba Malam Sambo ya ce, "Tun Maradun allurag ga ba ta motsa ba."

Manu ya ci gaba da tuƙi.

"Yanzu ma hawa takai. Kana tahiya, mai na ƙaruwa. Ka san da wanga?"

Manu ya dubi allurar. Ya sani. Wata uku ke nan yana lura cewa ran Litinin, in ya juyo da kaya, allura takan tsaya cak, wani lokaci ma ta ɗan ɗaga. Bai gaya wa kowa ba, ko Suwaiba. Ya ɗauka albarka ce Allah ya sa wa motar saboda yadda yake riƙon ta, albarka kuwa ba a yawo da ita a baki, kada a yi mata baki ta gudu.

Ya faɗa wa tsohon haka, murya ƙasa-ƙasa.

Malam Sambo bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah shina sa albarka ga abin da ya so. Amma bari mu leƙa tukuna. Tsaya nan."

"Nan, Baba? Hanyag ga ba a tsayi."

"To nemi inda mutane suke."

Suka tsaya a bakin wani ƙauye, kusa da masu sayar da rake. Tsohon ya shimfiɗa buhu ya shige ƙasan motar, ya zura hannu inda ya zura ran Alhamis. Manu ya tsuguna yana kallo. Sai ya ga tsohon ya janye hannu da sauri yana yarfewa. Akwai ɗan yanka a bayan yatsansa, irin wanda ba ya rabuwa da hannun mai aikin ƙarfe. Ya ɗaga yatsan ya dube shi, jiƙe da wani ruwa mai ruwan ƙasa. Ya sake mayar da shi da gangan, ya sake janyewa. Sannan ya kwanta shiru, yana kallon cikin bodi daga ƙasa, har Manu ya fara tunanin ko barci ya kwashe shi.

"Manu."

"Na'am, Baba."

"Wa ya huda motag ga?"

Manu ya dubi kusurwar bodin. Shi ya huda ta. Farkon bazara ya lura ruwan gishirin fatu na taruwa a kusurwar bodi yana cin ƙarfe. Abin ya dame shi, don motar ba tasa ba ce amma ya fi mai ita jin ciwonta. Ya sami ƙusa babba da guduma ya yi ɗan rami a kusurwar, ruwan ya riƙa zurarewa. Ya ji daɗin dabararsa ƙwarai. Bai leƙa ya ga abin da ke ƙarƙashin ramin ba.

"Ni ne, Baba. Don kada ta yi tsatsa."

"Madalla. Bodi bai yi tsatsa ba." Tsohon ya fito ya wanke hannu da butarsa. "Duk faɗin motag ga, ka auna bisa kan wayar tanki daidai. Ko ni anka ce in auna, sai na yi sau biyu."

A hanya ya yi masa bayani, a gajarce. Ruwan gishiri wuta na bin sa kamar yadda take bin waya. In ya jiƙa bakin wayar da murfin tanki, sai wuta ta sami gajeriyar hanya, allura ta ɗauka mai ya ƙaru. Alhaji ya zo da yamma ya ja zane a kan ƙarya. Kafin safiya zafi ya busar da ruwan, allura ta koma gaskiya, gaskiyar ta zama sata. Duk waɗanda suka duba motar kuwa sun duba ta ne a bushe.

Manu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya tuna Litinin nawa ya biyo wannan hanya, wadda a 'yan shekarun nan ba mai fatan mai ya ƙare masa a kanta, yana kallon allura yana godiya, alhali tankin ya kusa ƙafewa.

"Baba, to mu gyara yanzu kafin mu isa."

"A'a. In na gyara yau, gobe allura ta yi daidai, Alhaji shi ce ka ji tsoro ne ka daina. Bar ta ta yi ƙaryarta ta ƙarshe."

Haka aka yi. Da yamma Alhaji Uba ya murɗa makulli ya ja zanensa. Talata da safe, kasuwa ta fara cika, Manu ya kawo motar ƙofar shago. Alhaji ya leƙa. Allura ta sauka da kusan rabin tanki. Ya miƙe a hankali, ya dubi Manu, ya dubi tebur.

Sai ga Malam Sambo ya ratso ta layin mahauta da butarsa. Shi da Alhaji sa'o'in juna ne, sun san juna tun kowannensu yana da gashi baƙi.

"A'a, Bafillacen da bai da ko akuya! Mi ya kawo ka cikin fatu?"

"Na zo ta'aziyyar shanunmu da kunka yanke. Alhaji, an ce manka na ɓacewa."

"Haka allura ta ce."

"To ba ni gishiri hannu guda, in maido maka."

Mahauta da masu shayi da 'yan dako suka fara matsowa. Kamaluddeen, wanda ya zo kasuwa, ya tsaya a baya ya harɗe hannu. Aka kawo gishiri daga buhun shago. Tsohon ya zuba a buta ya girgiza. Ya ce Alhaji ya shiga ya zauna a kujerar direba da kansa, ya murɗa makulli, kada ya ɗauke ido. Sannan ya zagaya baya, ya lalubi ɗan ramin a kusurwa, ya fara tsiyaya ruwan a hankali, kamar mai alwala da ruwan aro.

Da farko babu abin da ya faru. Sai aka ji muryar Alhaji daga cikin mota, wata siririyar murya da ba a san shi da ita ba:

"La ilaha illallahu. Tana hawa."

Masu leƙe ta taga suka shaida. Allura ta bar inda take, ta haura, ta haura, ta zo daidai zanen farcen jiya ta tsaya.

"Ga manka nan, Alhaji," in ji Malam Sambo. "Ƙirga shi. Yanzu kuma zan sace shi gaban idonka."

Ya karɓi ruwan daɗi ya ɗauraye wurin, ya shige ƙasa da tsumma ya goge bakin wayar har ya bushe. Allura ta sulale ta koma inda ta fito. Wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da kasuwar Talata ba ta saba yi ba ko da minti ɗaya. Wani mahauci ya ce a sake. Malam Sambo ya ce shi ba ɗan wasa ba ne.

Manu yana tsaye a gefe, ya kasa rufe baki. Ya san bayanin, jiya aka yi masa shi. Amma jin abu daban, ganin tsoho da buta yana ɗaga allura yana sauke ta daban. Ya dubi hannuwan nan masu yanka-yanka, ya tuna dariyar da ya sha yi a teburin shayi, kunya ta rufe shi.

Alhaji ya fito daga motar. "Wa ya huda min bodi?"

"Ni ne, ranka shi daɗe," in ji Manu. "Ruwan gishiri ke cin ƙarhe, na ce bari in yi mai hanya."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, don faɗa ya fi sauƙi a wannan lokacin. Malam Sambo ya riga shi.

"Ɓarawo bai damuwa da tsatsar motar wani, Alhaji. Ni wayar zan kankare in naɗe, mai walda shi toshe ramin shi huda wani can baya. Wanga nawa ne. Sauran gyaran ga bakinka yake, kuma ba a cikin shago anka ɓata sunan Manu ba."

Alhaji Uba ya koma bakin ƙofar direba. Ya leƙa cikin motar, ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin, ya dunƙule shi a tafin hannu. Sannan ya zare makulli, ya juya ya fuskanci layin mahauta, ya ɗaga murya yadda yake ɗaga ta in yana ciniki:

"Jama'a ku shaida! Manu bai taɓa min ko ɗigo ba. Ni na zarge shi, ni na yi kuskure. Manu, ka yahe min."

Ya miƙa masa makullin da hannu biyu. Manu ya durƙusa ya karɓa, ya ce babu komai, wanda ba gaskiya ba ne, amma shi ake faɗa. Kamaluddeen ya ce dama shi tun farko ya yi zargin danshi. Ba wanda ya ji shi.

Gyaran bai kai minti ashirin ba. Tsohon ya kankare bakin wayar da reza har ya yi fari, ya shafa masa giris, ya yanko ɗan guntun tsohon tib na taya ya lulluɓe. Manu ya ce zai mayar da shi gareji a mota. Ya ce a'a, ƙafa ta fi, zai biya ya sayi gyaɗa.

Ran Juma'a Suwaiba ta je sunan 'yar maƙwabta, ta zauna a tsakiyar tabarma. A teburin shayi an daina cewa Manu Tiyo. Yanzu Manu Gishiri ake ce masa, kuma yana amsawa. Alhaji ya yi wata guda gilashinsa ba komai, daga nan ya manna sabon salatif, ya ce ba don Manu ba, don allura.

Malam Sambo yana nan a gindin dogonyaro. Direbobi sun ɗan rage yi masa dariya, amma ba su daina ƙorafin nawarsa ba. Manu kuwa, duk Litinin in zai fita, yakan rage gudu a wurin ya sauko ya gaishe shi. Tsohon yakan amsa gaisuwar har ƙarshenta, sannan ya leƙa ta taga ya dubi allurar na ɗan lokaci, ya gyaɗa kai, ya koma kan gyaɗarsa.